Ɗigon BioGaia Protectis na jarirai: abin da yake yi da abin da ake jingina masa

A cikin kayayyakin da ake sayarwa da sunan gyara cikin yara da ƙarfafa garkuwar jikinsu, kaɗan ne suka samu karɓuwa a wajen likitocin yara kamar ɗigon BioGaia Protectis, kuma wannan ne ya sa na ware shi daga cikin 'yan uwansa domin in yi masa duban tsanaki. Kamfanin da ke yin sa na ƙasar Suwidin ne, an kafa shi a 1990, yana da mazauni a birnin Stockholm, kuma kayansa suna shiga ƙasashe fiye da 100. A wajenmu ana samun ɗigon a wasu manyan kantunan magani na birane da kuma hannun masu sayar da kayan jarirai ta intanet, kuma sau da yawa mai jego tana fara jin labarinsa ne daga bakin ƙawa a gidan suna ko a zauren WhatsApp, tun kafin wani ma'aikacin lafiya ya ambata mata shi. Hukuncina a kansa, a matsayina na wanda ya daɗe yana aiki a kantin magani, shi ne cewa kaya ne mai kyau da ke da aiki guda ɗaya wanda hujja ta tsaya masa sosai, wato rage kukan murɗar ciki ga jaririn da ke shan nonon uwa. Sauran ayyukan da ake jingina masa kuwa, hujjarsu tana raguwa ne gwargwadon yadda alkawarin ya girma.

Kwalbar ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, mililita 5 take ɗauka, kuma wanda ya biya kuɗinta a karon farko yakan tsaya yana jujjuya ta a hannu yana mamakin ƙanƙantarta. Abin da ke ciki mai ne, mafi yawansa na sunfulawa, wanda aka zuba busassun bakteriya masu rai a cikinsa. Da yake bakteriyar tana kwantawa a gindin kwalba, wajibi ne a girgiza ta sosai kafin kowane amfani, sannan a karkata ta a jira ɗigon ya taru a baki ya faɗo da kansa. Ɗigon yana da nawa, musamman da hunturu lokacin da mai ke yin kauri, kuma uwar da jariri ke tsala mata kuka a kafaɗa za ta ga kamar ba zai fito ba. Ɗigo 5 ake bayarwa sau ɗaya a rana, a cikinsu akwai bakteriya masu rai miliyan 100, don haka kwalba ɗaya takan kai kwana 25. An fi so a ɗiga a ƙaramin cokali mai tsabta, ko a kan nonon uwa dab da jariri zai kama, maimakon a kai bakin kwalbar cikin bakinsa, domin yawu ko ruwa idan ya shiga kwalbar yana ɓata abin da ke ciki. Ba a zuba shi a madara ko kunu mai zafi, saboda zafi yana kashe bakteriyar. Ba shi da ɗaci ko wari, jarirai ba su cika tofar da shi ba, kuma duk wanda ya taɓa kokawar ɗura wa jariri magani ya san darajar wannan. Akwai wani samfurin da aka haɗa da bitamin D, wanda ya kamata a lura da shi idan jaririn yana shan bitamin D daga wata kwalba daban, don kada a ninka masa.

Irin wannan kaya shi ake kira furobayotik, kuma bayanin da ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya da na Hukumar Abinci da Aikin Gona suka tsayar a 2001 shi ne ƙananan halittu masu rai waɗanda ke amfanar lafiya idan aka sha su da yawan da ya dace. Bakteriyar da ke cikin wannan ɗigo sunanta Lactobacillus reuteri, an raɗa mata sunan masanin Jamus Gerhard Reuter, kuma tun 2020 da masana suka sake rarraba danginta ake rubuta ta Limosilactobacillus reuteri, saboda haka mai saye zai iya cin karo da ko wanne daga cikin sunayen biyu a jikin kwali. Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne lambar da ke biye da shi, DSM 17938. Asalin wannan iri an samo shi ne daga nonon wata uwa a ƙasar Peru, daga baya aka cire masa wasu guntayen ƙwayoyin gado guda biyu masu ɗauke da juriya ga wasu magungunan antibayotik, aka samu wanda ake sayarwa yanzu. Manomi ya san kaura da farfara duk dawa ce, amma ba ya ɗaukar abin da ya gani a gonar wannan ya yanke wa waccan hukunci, kuma haka lamarin bakteriya yake: abin da aka gwada aka tabbatar a kan iri ɗaya ba ya wucewa zuwa wani irin, ko da sunansu na farko ɗaya ne. A nan BioGaia ya cancanci yabo, domin yana rubuta lambar iri da adadin bakteriyar a fili, har mai karatu zai iya bin diddigin binciken da aka yi a kansa. Akwai kwalabe da yawa a kasuwa da ba za ka ga komai a jikinsu ba sai kalmar Lactobacillus da hoton yaro mai kumatu yana dariya, kuma irin waɗannan babu hanyar da za a auna su.

Murɗar cikin jarirai da nake magana a kanta ita ce kukan nan mai tsanani da ke taso wa jariri mai lafiya, wanda ke shan nono yana kuma ƙara nauyi, galibi daga la'asar zuwa tsakar dare, yana dunƙule hannu, yana naɗe ƙafafu zuwa ciki, fuska ta yi ja, goyo da jijjiga da waƙa duk su gaza. Tsohuwar ƙa'idar da likita Morris Wessel ya kafa a 1954 ita ce kukan ya wuce sa'o'i 3 a rana, kwana 3 a mako, har tsawon mako 3. Yana samun kusan jariri ɗaya cikin biyar, yana kai ƙololuwa a wajen mako 6 da haihuwa, wato daidai lokacin da mai jego ke shirin yin arba'in, sannan yakan lafa da kansa tsakanin wata 3 zuwa 4. Wannan lafawa da kansa ita ce ta sa kowane magani da aka taɓa ba jariri mai kuka ya samu masu yi masa shaida, tun daga ruwan gripe har jiƙe-jiƙen da kakanni ke haɗawa, kuma ita ce ta sa ba za a yarda da shaidar baki ba sai an yi gwajin da ake raba jarirai gida biyu, a ba wasu ɗigon gaske, a ba wasu mai zalla, ba tare da iyaye ko likita sun san wane ne ya samu wanne ba.

An yi irin wannan gwaji a birnin Turin na Italiya ƙarƙashin likita Francesco Savino, aka buga sakamakon a mujallar Pediatrics a 2010. Jarirai 50 ne masu shan nonon uwa zalla. Waɗanda aka ba DSM 17938 sun fara da kukan da ya kai minti 370 a rana, bayan kwana 21 ya sauko zuwa minti 35. Waɗanda aka ba mai zalla sun fara da minti 300, suka sauko zuwa minti 90. Ina so mai karatu ya dubi lambobin nan sau biyu. Ɗigon ya yi aiki, domin tsakanin kukan rabin sa'a da na sa'a ɗaya da rabi akwai tazarar da duk uwar da ta kwana a zaune za ta gane. Amma jariran da ba su samu ko da bakteriya ɗaya ba su ma kukansu ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku, wanda ke nuna cewa mafi yawan sauƙin da iyaye ke gani lokaci ne ya kawo shi, ɗigon kuma ya ƙara a kai. Binciken ya kuma ga cewa bakteriyar E. coli ta ragu a bayan gidan jariran da suka sha ɗigon, abin da ya dace da yadda aka san wannan iri yana fitar da wani sinadari mai suna reuterin da ke danne wasu bakteriya a hanji.

Ba kowane gwaji ne ya fito da daɗi haka ba. A birnin Melbourne na Ostireliya, likita Valerie Sung da abokan aikinta sun gwada ɗigon a kan jarirai 167, masu shan nonon uwa da masu shan madarar gwangwani, suka buga a mujallar BMJ a 2014, kuma ba su ga amfani ba. Hasali ma bayan wata ɗaya waɗanda suka sha ɗigon sun fi sauran kuka da fitina da kusan minti 49 a rana, kuma an fi ganin haka a cikin masu shan madarar gwangwani. Wannan saɓani ya sa a 2018 aka tattara bayanan jarirai 345 daga gwaje-gwaje huɗu na Italiya da Poland da Kanada da Ostireliya aka sake lissafi a wuri ɗaya. Abin da ya fito shi ne cewa ga masu shan nonon uwa ɗigon yana da amfani a fili, ta yadda a cikin kowane jarirai uku da aka ba, kusan ɗaya zai samu sauƙin da ba zai samu ba in ba don shi ba, ga masu shan madarar gwangwani kuwa bayanan ba su isa a ba da shawararsa ba. A kan wannan ne ƙungiyar likitocin ciki da abincin yara ta Turai, ESPGHAN, ta ce a matsayarta ta 2023 ana iya ba jariri mai shan nonon uwa wannan iri na aƙalla kwana 21. Ya dace a san cewa da dama daga cikin binciken da aka yi a kan wannan iri kamfanin ne ya tallafa musu da kuɗi ko da kaya, wanda ba ya soke sakamako, amma yana sa mutum ya ƙara ba gwaje-gwajen da suka fito akasi muhimmanci.

Akwai abin da ya kamata ya riga sayen kwalba, shi ne tabbatar da cewa kukan na murɗar ciki ne. Jaririn da bai kai wata 3 ba idan jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi kama nono, ko yana amai kore, ko cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko aka ga jini a bayan gidansa, ko cibiyarsa ta yi ja tana ruwa, wannan asibiti zai tafi a ranar, domin cutar da ta shiga jinin jariri tana iya farawa da kuka kawai. Idan kuwa ma'aikacin lafiya ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau, to ɗigo 5 na mai a rana ya fi abubuwan da aka saba ɗura wa jarirai aminci nesa ba kusa ba. Bai karya shayar da nono zalla ba, tunda ƙa'idar ta yarda da ɗigon magani da na bitamin, alhali ruwan jiƙo da ruwan rubutu da aka wanke da ruwan da ba a tafasa ba suna iya shigar da cuta, zuma kuma haramun ce a likitance ga wanda bai shekara ba saboda wata guba mai shanye jiki da ƙwayoyinta ke iya ɓuya a ciki.

Inda na fi samun matsala da yadda ake amfani da wannan kaya shi ne gudawa. Uba zai shigo da yamma, ya jingine babur a ƙofa, ya ce, "Malam, yarinya ce take ta zawo tun jiya, uwarta ta ce in sayo mata ɗigon nan na gyara ciki." Idan na ce, "Alhaji, an fara ba ta ruwan gishiri da sukari kuwa?" amsar da na fi ji ita ce, "Ai wannan na asibitin gwamnati ne, mu mai ƙarfi muke so." Tsada ce ake ɗauka a matsayin ƙarfi, alhali abin da ke kashe yaro mai gudawa ƙarewar ruwa da gishirin jiki ne, kuma babu bakteriyar da za ta mayar da su. Gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 400,000 duk shekara a duniya. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar a 2004 shi ne ruwan ORS, wato ruwan gishiri da sukarin nan, a riƙa ba yaro bayan kowane zawo, da ƙwayar zink milgiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko milgiram 10 ga wanda bai kai wata 6 ba, tare da ci gaba da nono da abinci. Kuɗin kwalbar ɗigo ɗaya ya isa ya sayi ORS da zink na yara da yawa. Idan idon yaro ya faɗa, maɗigarsa ta lotsa, ya daina fitsari, ko ya yi laushi ba ya iya sha, to ƙarin ruwa yake bukata a asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Shin ɗigon yana ƙara wani abu a kan ORS da zink? Wasu ƙananan gwaje-gwaje, mafi yawansu daga Turkiyya da Italiya, sun nuna yana rage tsawon gudawa da abin da bai cika kwana ɗaya ba, kuma ESPGHAN ta sanya shi cikin irin da za a iya bayarwa, tana mai cewa hujjar mai rauni ce ƙwarai. A Botswana, inda yanayin ya fi kusa da namu, an gwada wannan iri a kan yaran da aka kwantar saboda gudawa mai tsanani, kuma sakamakon da ya fito a 2022 bai nuna ya amfane su ba. Fagen furobayotik gaba ɗaya ya sha kaye a watan Nuwamba na 2018, lokacin da mujallar New England Journal of Medicine ta buga manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya na Amurka mai yara 971, ɗaya na Kanada mai yara 886. Wasu irin bakteriya aka gwada, ba na BioGaia ba, kuma dukansu ba su fi garin da babu komai a cikinsa ba. Bitar da Cochrane, ƙungiyar masana mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2020, wadda ta haɗa bincike 82 da mutum fiye da 12,000, ta kammala da cewa da alama furobayotik ba ya rage yawan waɗanda gudawarsu ke wuce kwana biyu. Ni dai ba na ba uba mai yaro mai zawo shawarar wannan kwalba, kuma idan ya nace, ba ya fita daga kantin sai da ORS da zink a aljihunsa.

Akwai wata gudawar ta daban, wadda ke zuwa a lokacin da yaro ke shan antibayotik, saboda maganin yana share bakteriyar hanji masu amfani tare da masu cutarwa. A nan furobayotik yana da hujja mai kyau: bitar Cochrane ta 2019, mai bincike 33 da yara 6,352, ta ga gudawar ta samu kashi 8 cikin 100 na waɗanda suka sha shi, da kashi 19 cikin 100 na waɗanda ba su sha ba. Sai dai irin da suka ɗauki nauyin wannan sakamako su ne Lactobacillus rhamnosus GG da kuma yis ɗin nan Saccharomyces boulardii, wanda ake sayarwa da sunan Ultra-Levure a ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma ana bukatarsu da yawan da ya kai biliyan 5 a rana. Da aka gwada DSM 17938 kansa a kan yara 250 a Poland, sakamakon 2019 bai nuna ya hana gudawar ba. Don haka wanda wannan ce bukatarsa, ya nemi ɗaya daga cikin waɗancan biyun bisa shawarar likita. Yis ɗin yana da fa'idar cewa maganin kashe bakteriya ba ya taɓa shi, alhali mai shan ɗigon bakteriya sai ya raba lokacinsu da sa'o'i biyu zuwa uku. Mafi yawan gudawar yara ma ba ta bukatar antibayotik tun farko, kuma rage sayen Flagyl da Septrin a kemis ba tare da gwaji ba zai fi kowace kwalba kare hanjin yaranmu.

Maganar garkuwar jiki ita ce ta fi jan hankalin masu saye, kuma ita ce ta fi wuyar aunawa. Gaskiya ne cewa kaso mai yawa na ƙwayoyin garkuwar jiki suna zaune a bangon hanji, suna mu'amala da bakteriyar da ke wurin, amma tsakanin wannan da cewa ɗigo 5 zai hana yaro mura da zazzaɓi akwai tafiya mai nisa. Akwai bincike biyu da ya kamata a yi musu adalci. A Jakarta ta Indonesiya, an bi yara 494 'yan shekara 1 zuwa 6 daga unguwannin talakawa, kuma sakamakon 2012 ya nuna waɗanda suka sha madara mai ɗauke da wannan iri sun fi ƙarancin gudawa, musamman masu ƙarancin abinci mai gina jiki. A Mekziko, gwajin 2014 a kan yara 336 da ke wuraren renon yara ya nuna raguwar gudawa da cututtukan numfashi bayan wata 3 ana sha. Labari ne mai ƙarfafa gwiwa, amma yana nufin sha kullum na watanni, domin bakteriyar ba ta zama a hanji dindindin, idan aka daina sha tana ɓacewa cikin kwanaki ko 'yan makonni. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da iƙirarin ƙarfafa garkuwar jiki da kamfanonin furobayotik suka gabatar mata, kuma shi kansa wannan ɗigo a matsayin ƙarin abinci ake sayar da shi, ba a matsayin magani ba.

Ga iyalin da ke lissafin kuɗin cefane, abubuwan da aka tabbatar suna kare yaro sun fi wannan araha, wasunsu ma kyauta ne. Dakashi, wanda har yanzu ake matse shi a zubar a wasu gidaje da sunan ƙazanta, cike yake da garkuwar da uwa ke miƙa wa ɗanta. Nonon uwa kuma yana ɗauke da wasu nau'o'in sukari da jariri ba ya narkarwa, aikinsu shi ne ciyar da bakteriyar Bifidobacterium masu amfani a hanjinsa. Rigakafin ƙwayar cutar rota, wadda ita ce kan gaba wajen jawo gudawa mai tsanani ga ƙananan yara, ya shiga jadawalin Nijar a 2014, na Najeriya kuma a watan Agusta na 2022, ana ɗiga shi a baki kyauta. Yaron da ya fara cin abinci kuma yana iya samun bakteriya masu tsamin nono daga kindirmo mai tsabta wanda aka tafasa madararsa kafin ta yi tsami. Ba za a san iri ko adadin abin da ke cikinsa ba, don haka ba zai maye gurbin ɗigon da aka gwada ba, amma abinci ne mai gina jiki a kan kansa, muddin ba a tsinka shi da ruwan da ba a yarda da shi ba.

Sai matsalar da ta fi shafar mu, wato zafi. Kwalin ya ce kada a ajiye shi a wurin da zafinsa ya wuce digiri 25, kuma a gama amfani da shi cikin wata 3 bayan an buɗe. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a watan Afrilu da Mayu, zafin rana yana haura digiri 40, kuma ɗakin da aka rufa da kwano ba ya sauka zuwa 25 ko da tsakar dare. Maganin ƙwaya idan ya sha zafi yakan rage ƙarfi a hankali, wannan kuwa halitta ce mai rai, kuma idan ta mutu babu abin da zai nuna: launin man da warinsa suna nan yadda suke, uwa za ta ci gaba da ƙirga ɗigo 5 na mai zalla. Wannan ba laifin kamfanin ba ne, tafiyar kayan ce daga tashar jiragen ruwa zuwa sito, zuwa bayan mota, zuwa kantar da ba ta ga wuta ba tun safe. Na taɓa ganin irin waɗannan kwalabe jere a cikin akwatin gilashi da rana ke duka kai tsaye a wani shago, kuma mai shagon bai ga aibun hakan ba. Shawarata ita ce a saya a kantin da ke da na'urar sanyaya ɗaki ko firji mai aiki, a tambayi inda suke ajiye shi ba tare da jin nauyi ba, a duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC da hatimin murfi, a guji wanda za a turo daga wani gari a motar haya ya yini a rana. A gida a sa shi a firji, in babu kuwa a ɗaure shi a leda a ajiye a gindin randa, kada ruwa ya taɓa bakin kwalbar.

Ta fuskar aminci, ga jariri mai lafiya wanda ya cika watanninsa, gwaje-gwajen ba su nuna wata illa da ta wuce ta mai zalla ba. Akwai dai yaran da ba a ba su kowane irin furobayotik sai da izinin likitan da ke kula da su: bakwaini, da mai garkuwar jiki mai rauni saboda cuta ko magani, da wanda aka sa wa bututu a babbar jijiya, da mai tamowa mai tsanani. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi asibitoci bayan wani bakwaini ya rasu sakamakon bakteriyar wani kaya na wani kamfani daban da ta shiga jininsa, hukumar magunguna ta Turai kuma ta hana ba masu jinya mai tsanani da masu raunin garkuwa Saccharomyces boulardii tun 2017. A Malawi an gwada wani haɗin furobayotik a kan yara 795 masu tamowa, kuma sakamakon 2009 bai nuna ya ƙara yawan waɗanda suka warke ba, saboda haka uwar da ɗanta ya rame ta kai shi cibiyar kula da tamowa, kada ta kashe kuɗinta a nan.

Wanda zan ba shawarar ya sayi BioGaia Protectis shi ne iyalin da jaririnsu bai wuce wata 3 ba, yana shan nonon uwa, an duba shi an tabbatar kukan na murɗar ciki ne, kuma kuɗin kwalbar ba zai taɓa abincin mai jego ba. Su sayi kwalba ɗaya tak, su riƙa ba shi a lokaci guda kullum, misali bayan wankan safe, kuma wani a gidan ya riƙa rubuta lokacin da kuka ya fara da lokacin da ya tsaya a bayan kalanda, domin wanda bai yi barci ba ba ya tuna daren jiya daidai. Sauƙin yakan fara bayyana daga mako na farko zuwa na uku. Idan kwalbar ta ƙare rubutun bai nuna canji ba, kada a sayi ta biyu, a koma wajen likita ya sake duba jaririn, ya kalli yadda yake kama nono, ya kuma bincika ko madarar shanun da uwar ke sha ce ba ta karɓe shi ba.